Jingar injiniyanci da aka ce a rubuta da hannu: yaya zan tsara ta, yaya kuma zan aika daga ƙauye?

Ɗan Taura:

Assalamu alaikum. Malamai da yayyena, shawara nake nema. Ina aji biyu a sashen injiniyan gine-gine, yanzu muna ɗan hutun tsakiyar zango, ina gida a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura. An ba mu jinga a kwas ɗin da ake lissafin ƙarfin bim, wato ginshiƙin da ke kwance yana ɗaukar nauyin gini, da rodi: tambayoyi biyar, ɗaya a cikinsu da giraf. Akwai kuma zane guda a takardar A3 na wani kwas ɗin daban. Lakcara ya ce rubutun hannu yake so, ba bugun kwamfuta ba, a tura masa ta imel a fayil ɗaya na PDF kafin ƙarfe 12 na daren Litinin, asalin takardun kuma su isa hannun wakilin aji cikin makon.

Ga abin da ya shige mini duhu. Da biro ake yi ko da fensir? Wace takarda? Me ya sa mutum zai samu amsa daidai amma a ba shi rabin maki? Sannan a nan sabis sai an fita bakin titi, babu injin sikanin, waya ce kawai. Yaya zan yi shafukan su fito tas su kuma tafi? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ɗalibi, Ringim:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, bari in fara da tambayarka ta uku, don sauran duk a ƙarƙashinta suke. A lissafin injiniyanci makin yana kan hanyar da ka bi, amsar ƙarshe ɗan kaso kaɗan take ɗauka. Mai dubawa yana da takardarsa da ya raba makin mataki-mataki: zane yana da nasa, rubuta ƙa'idar da za a yi aiki da ita yana da nasa, zuba lambobi, ma'auni, sannan amsa. Matakin da ka yi a kanka ko a kalkuleta ba ka sa a takarda ba, babu inda zai ɗora masa maki. Dalilin da ya sa ma ake cewa a rubuta da hannu ke nan, ana so a ga yadda tunaninka ya tafi.

Takarda: farar A4 marar layi ta fi, in babu ka yi da fulskaf mai layi, amma kada ka yago daga littafin rubutu ka bar gefen a tsattsage. Ka bar fili kamar santimita biyu da rabi a hagu saboda maƙalewa da kuma inda malam zai yi rubutu. Fuska ɗaya kawai za ka rubuta. Biro baƙi ko shuɗi mai duhu don rubutu da lissafi, fensir HB da rula don zane. Jan biro na mai dubawa ne, ka bar masa. Shafin farko ya ɗauki sunanka, lambar rajista, sashe, lambar kwas da sunansa, da kwanan wata. Sauran shafukan kowanne ka sa lambar rajista a sama da lambar shafi irin 3/8, domin in ɗaya ya ɓalle a san na wane ne kuma a san akwai saura. Kowace tambaya ta fara a sabon shafi, a bi jerin da aka bayar.

Ga yadda ake jera aikin. A ce bim ne mai tsawon mita 6, yana zaune kan madogara biyu, A da B, an ɗora masa lodin 12 kN (kN ma'aunin ƙarfi ne, N dubu ɗaya) a nisan mita 2 daga A. Da farko ka rubuta abin da aka ba ka da abin da ake nema. Sai ka ja bim ɗin da rula, ka sa kibiyar lodin tana kallon ƙasa, kibiyoyin RA da RB, wato ƙarfin da madogaran A da B ke tokare bim ɗin da shi, suna kallon sama, ka rubuta 2 m da 4 m a ƙarƙashi. Zanen ya kai aƙalla faɗin tafin hannu, kada ka matse shi a lungu. Ka faɗi abin da ka ɗauka, misali cewa ba ka sa nauyin bim ɗin kansa a lissafi ba. Ka faɗi wane ɓangare ka ɗauka a matsayin tarawa, sama ko ƙasa, juyin agogo ko akasinsa, ka kuma tsaya a kansa har ƙarshen tambayar. Daga nan: momen, wato ƙarfi sau nisa, a A, RB × 6 = 12 × 2, RB = 4 kN. Ƙarfin sama da na ƙasa, RA + 4 = 12, RA = 8 kN. Momen mafi girma yana ƙarƙashin lodin, 8 × 2 = 16 kNm. Ƙara layi ɗaya na tabbatarwa daga ɗaya ɓangaren, 4 × 4 = 16. Layin nan ba ya cin minti ɗaya, amma shi ke kama kuskure kafin malam ya kama. Ka ja layi biyu ƙarƙashin amsar ko ka sa ta a akwati, tare da ma'auninta. In an ce a zana jadawalin shiya, wato ƙarfin da ke neman yanke bim ɗin, da na momen, ka jera su daidai ƙarƙashin bim ɗin, wurin lodin ya faɗo a layi ɗaya daga sama har ƙasa, ka rubuta +8, −4 da 16 a inda suke.

Inda maki ya fi zubewa shi ne ma'auni. Ɗauki rodi mai faɗin 20 mm, tsawon mita 2, ana jan sa da 30 kN, E kuma, wato awon taurin ƙarfen, 200 GPa. Faɗin fuskar rodin 314.16 mm² ne, don haka ƙarfin da ke kan kowane mm² shi ne σ = 30,000 ÷ 314.16 = 95.5 N/mm², wato 95.5 MPa. Wanda ya manta ya raba 20 biyu kafin ya sa a πr² zai samu 1256.6 mm², amsarsa ta faɗo 23.9, kashi ɗaya cikin huɗu na gaskiya. Miƙewar rodin 0.955 mm ce in ka sa tsawon a 2000 mm, E a 200,000 N/mm². Wanda ya bar tsawon a 2 alhali komai nasa a milimita yake, amsarsa za ta yi ƙasa sau dubu. Maganin abin shi ne ka mayar da komai ma'auni ɗaya tun a layin farko, N da mm, ko N da m, ka rubuta ma'aunin a kowane layi ba a ƙarshe kawai ba. Sannan ka tambayi kanka ko amsar ta yi kama da abin da hankali zai ɗauka. Rodin ƙarfe na mita biyu ba zai miƙe da rabin mita ya zauna lafiya ba.

Kalkuleta ma ka duba ta. In irin Casio fx-991 ce, ka ga ƙaramin D, alamar digiri, a saman allon kafin ka fara aikin kusurwa. Gwada sin 30: in ta ba ka 0.5 lafiya, in ta ba ka −0.988 to a radiyan take. Kada ka datse lambobi a tsakiyar lissafi, riƙe huɗu ko biyar, sai a amsar ƙarshe ka rage zuwa lambobi uku masu ma'ana.

Ka fara yin aikin a wata takarda, in ya kammala ka kwafe a tsanake. In ka yi kuskure a kwafin ƙarshe, ja masa layi ɗaya ka rubuta daidai a gaba. Kada ka dirje shi har takarda ta huje, kada kuma ka ɗora lamba kan lamba.

Mai Shagon Kwamfuta, Gumel:

Yayanmu na Ringim ya gama da lissafi, ni maganar waya zan yi, don aiki mai kyau yakan lalace a nan.

Kada ka ɗauki hoto da kyamara kai tsaye ka tura su ɗaya-ɗaya. Hoto ɗaya na wayoyin yanzu yana iya kai megabait uku zuwa huɗu, shafi takwas sun tasar wa talatin, Gmail kuwa ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo guda. In ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, in ba ka buɗe izini ba malam ya danna ya ga ƙofa a rufe, shi kuma a wurinsa ba ka kawo ba ke nan. Yi amfani da manhajar sikanin. Google Drive da ke kan yawancin wayoyin Android yana da ita a ciki, akwai kuma Adobe Scan da CamScanner. Ka sauke tun kafin ranar, lokacin da ka fita inda sabis yake, ka gwada ta da shafi ɗaya ka ga ko tana aiki ba tare da data ba.

Haske shi ne rabin aikin. Da hantsi, a inuwa, kusa da ƙofar zaure ko ƙarƙashin rumfa. Kada ka sa takardar a tsakiyar rana, farin zai haske ya cinye fensir. Kada ka yi da dare da tocila ko filashin waya, tsakiyar shafi zai yi fari fat, gefe ya yi duhu, inuwar hannunka kuma ta kwanta kan rubutun. Shimfiɗa takardar kan abu mai duhu marar ado, allo ko baƙin mayafi. Tabarma mai zane-zane tana rikita manhajar, ta kasa gane bakin takarda ta yanke maka lambar shafi ko ƙarshen layi. Goge idon kyamarar da gefen riga tukuna, musamman lokacin hunturu, ƙura kaɗan ta isa ta sa komai ya yi hazo. Riƙe wayar a kwance daidai saman takardar, ba a karkace ba, in ba haka ba da'ira za ta fito kamar ƙwai, layuka masu tafiya tare su nemi haɗuwa. Taɓa tsakiyar allon ka jira rubutun ya fito sarai kafin ka ɗauka. In akwai iska, danne kusurwoyi da kwabbai ko ƙananan duwatsu, ba da yatsa ba.

Manhajojin nan suna da zaɓin launi. Wanda ke mayar da komai baƙi da fari zalla yana yi wa biro kyau, amma yana share fensir mai sauƙi, layukan takardar giraf, wani lokaci har ɗigon desimal. 9.55 ta koma 955, kai ba ka sani ba. Shafin da ke da fensir ka zaɓi launin toka-toka, shafin giraf ka bar shi da launinsa. Bayan ka haɗa su a PDF ɗaya, buɗe shi ka bi shafi-shafi, ka zuƙo wuraren ƙananan lambobi, irin ² na mm² da ƙananan haruffan da ke ƙasan R. Ka ga shafukan a jere suke, babu wanda ya kwanta a gicciye. Shafi takwas da aka yi yadda ya kamata bai kamata su wuce megabait uku zuwa biyar ba. In sun wuce, rage inganci zuwa matsakaici, kada ka kai mafi ƙasa.

Sunan fayil ya zama lambar rajistarka da lambar kwas, ka maye gurbin sandar (/) da ke cikin lambar rajista da ɗan layin ƙasa (_), don waya ba ta karɓar sanda a sunan fayil. Kan saƙon imel ɗin ma haka, kada ka bar shi fayau, ka ƙara gaisuwa da layi ɗaya na bayani.

Turawa kuma, kada ka jira daren Litinin. Ka tura Asabar ko safiyar Litinin. Sabis ya fi sakin jiki bayan sallar Asuba da can cikin dare, ya fi cushewa bayan Magariba. Ranar Lahadi in ka ce za ka shiga Gujungu don ka samu sabis, ka tuna ranar kasuwa ce, jama'a sun yi yawa kan turke ɗaya, gara ka tsaya nesa da kasuwar. Duba alamar da ke saman waya: in E ce kada ka wahalar da kanka, nemi inda H+ ko 4G zai fito, in kana da layi biyu ka gwada ɗayan. Cika caji kafin ka fita, neman sabis yana shan batir. Abu mafi muhimmanci: danna tura ba ya nufin ya tafi. Shiga Outbox ka ga babu komai, shiga Sent ka ga saƙon da fayil ɗin a maƙale, ka buɗe shi daga can, sannan ka ɗauki hoton allo mai nuna rana da lokaci ka ajiye.

Malamar Zane:

Ɗana, duk abin da suka faɗa haka yake, sai dai zanen A3 hukuncinsa daban, kuma ban yarda a dogara da hotonsa ba. Ana duba zane da rula a hannu, ana auna layi, ana duba kaurinsa. Hoto ba ya riƙe sikeli. Ka tura hoton don shaida cewa ka gama a kan lokaci, amma makin yana jikin takardar.

A3 tana da 297 mm da 420 mm. In ba ka zo gida da allon zane ba, nemi falange mai santsi wanda gefe ɗaya nasa miƙaƙƙe ne, ka shimfiɗa wata takarda mai kauri a ƙarƙashi don kada bakin fensir ya bi sawun katako. Manne kusurwoyi huɗu da tef na takarda, ba salatif ba, shi yana ɗaye fuskar takarda in an zo cirewa. Ja iyaka, 20 mm a hagu, 10 mm a sauran ɓangarori uku, sai dai in malaminku ya ba da nasa awon. Akwatin suna a ƙasa ta dama: suna, lambar rajista, sunan zane, sikeli, kwanan wata, da alamar irin jerin da ka bi. Alamar nan ana yawan mantawa da ita. In jerin kusurwa ta ɗaya ne, kallon sama yana ƙarƙashin kallon gaba. In ta uku ce, yana samansa. Wanda ya sa alamar ɗaya ya jera da ɗayar ya rasa maki mai yawa ko da layukansa sun yi kyau.

Fensir biyu za ka riƙe. 2H don layukan share fage da na awo, siririn layi mai sauƙi. HB don jikin abin da ake zanawa, layi mai kauri da duhu, kaurinsa ya ninka na siririn. Abin da ke ɓoye a ja shi da gajerun tsinke-tsinke, layin tsakiya da dogo da ɗigo. Lambobin awo su kai tsayin milimita uku da rabi, su zauna saman layin awo, kuma ainihin awon abin ake rubutawa ko da an rage zanen zuwa 1:2. In tambayar ta gina siffa ce da kwamfas, kada ka goge layukan share fagen, su ne shaidar hanyar da ka bi. Fiƙe fensir akai-akai, wanke hannu kafin ka fara, sa farar takarda ƙarƙashin hannunka, ka riƙa goge rula da set-sukwaya da ƙyalle, don baƙin fensir a jikinsu yake taruwa ya shafe takarda.

Giraf ɗinka kuma a takardar giraf ta gaske, ba layin da ka ja da kanka ba. Zaɓi sikelin da ke tafiya da 1, 2, 5 ko 10 a kowane babban gida, ka guji 3 da 7, suna sa a yi kuskuren karanta wuri. Ya cinye fiye da rabin shafin. Kowane gefe da sunansa da ma'auninsa. In za ka fitar da gangara, zana babban alwatika a jikin layin ka nuna lambobin da ka karanta.

Wani abu game da rubutun hannu. Ba a neman kyau, ana neman bambanci: 1 da 7, 0 da 6, 5 da S, x da alamar sau, w da ω, p da ρ. Ƙaramin m da babban M ba ɗaya ba ne, mm da Mm tazararsu ba ta misaltuwa, kN kuma da ƙaramin k ake rubuta shi.

Ɗan Taura:

Allah ya ƙara ilimi, Malama, na gode wa Yaya da mai shago. Saura asalin takardun. Ba zan samu komawa cikin makon ba. In ba direba a tasha ya kai wa wakilin aji? Kuma wasu abokai sun ce in sa PDF ɗin a zauren WhatsApp na aji don wakilin ya gani.

Tsohon Ɗalibi, Ringim:

Zauren aji kam a'a. Da zarar ya shiga can za a kwafe, kuma in malam ya ga takardu biyar da kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, ba zai zauna binciken wa ya fara ba, duka zai soke. In wakilin na buƙatar kwafi, tura masa shi kaɗai, kuma a matsayin fayil, ba hoto ba, don WhatsApp yana matse hoto har ƙananan lambobi su dushe.

Aikawa ta direba ana yi, amma ka fara tambayar wakilin ko akwai takardar da kowa ke sa hannu lokacin miƙawa. In akwai, a sanar da malam tun yanzu cewa kana gida, a ji ko ya yarda wakilin ya rubuta maka an karɓa. Ka maƙale shafukan lissafin da sitefila a kusurwar sama ta hagu, bayan ka gama sikanin ba kafin ba. In babu sitefila, huda biyu a gefen hagu da zare sun fi lanƙwasa kusurwa. Sa su a babbar ambulan mai ɗaukar A4 ba tare da ninkewa ba, da ɗan kwali a baya, sannan cikin leda a ɗaure, saboda ruwa ko mai a bayan mota. A jikin ambulan ka rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da manyan baƙi. Ba da saƙon ta hannun 'yan kamasho a tasha, ka karɓi lambar wayar direba da lambar mota, ka tura wa wakilin nan take, ka ba da motar safe don ta isa da rana. In ya karɓa ya ɗauki hoton shafin farko ya turo maka.

Malamar Zane:

Zanen kada ya shiga ambulan ɗin. Ninki yana karya layi, yana kuma shafa fensir a ɗaya fuskar. Ɗora masa farar takarda a kai, naɗe shi sako-sako ta gajeren gefen, ka zura a guntun bututun roba na ruwa mai faɗin inci biyu, tsawon kamar santimita 35, ka toshe bakin biyu da leda da kyauro. Masu sayar da kayan famfo suna da ragowar irinsa. Kada ka ɗaura kyauro a jikin takardar kanta, yana barin shaida. Ka rubuta lambar rajistarka a jikin bututun, ka kuma gaya wa wakilin ya warware shi ya danne da littattafai kwana ɗaya kafin ya kai ofis, don ya kwanta daidai lokacin da za a ɗora masa rula.